Mahaɗin Tagulla

"Na ce maka injin a kashe yake, Baba! Da hannuna na zare filogin."

"To ragowar iska ce a tiyo," in ji Don Eusebio, ko ɗagowa bai yi ba. "Ke dai Nayeli, baki kamar rediyo."

Nayeli ta sake kallon kan dodon da ke bisa tebur. Sana'ar gidansu ke nan a unguwar Iztapalapa, ƙera kwafin kayan tsofaffin finafinai har mutum ya rantse na asali ne. Iskar tiyo ce ke motsa bakin dodon, amma sai inji na aiki. Yanzu kuwa rana ta faɗi, gida ya yi tsit, ga bakin yana buɗewa a hankali yana rufewa kamar na mai barci.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya.

Abin ya fara ne tun ranar da Baba ya je kangon wani gidan shirya fim da za a rushe. Can ya ciro tsohon mahaɗin tagulla mai ɗan lotsewa a gefe, irin wanda ke haɗa bakin tiyo da wani, daga tiyon bango, ya zo ya ɗaura a wuyan dodon yana ta rawar jiki. Shi ya koya wa Nayeli ba a cire mahaɗi sai an saki iskar ciki, amma ranar ɗoki ya mantar da shi.

"Citlali?" Nayeli ta kira ƙanwarta.

Yarinyar na tsaye a bakin kicin, ido a ƙafe. Numfashinta na tafiya daidai da bakin dodon.

Kafin duhu ya gama rufewa aka ɗauko Doña Crescencia mai magani. Tsohuwar ta kunna turare, ta shafe Citlali da ɗanyen ƙwai daga ka har ƙafa. Ƙwan ya fashe a hannunta, babu komai a ciki sai huci.

"Wane ne kai?" in ji tsohuwar.

Muryar da ta fito daga bakin Citlali ba tata ba ce. Tsiii take yi, kamar tiyon da ya huje.

"Mai gida ne da aka tumɓuke wa ƙofa. Ina kwance cikin tiyona, wannan mai dogon hannun ya fizgo ni ko gafara babu."

"Shi ya sa ka kama yarinya? Ba ka da kunya, tsoho?"

"Huhunta ya fi tiyo ɗumi."

Doña Crescencia ta matso kusa da yarinyar.

"Faɗi abin da kake so."

"Ƙofata. A mayar da ita inda aka ciro ta kafin gari ya waye. In na je ban tarar ba, zan dawo, kuma ba ni fita."

Doña Crescencia ta miƙa wa Baba hannu. Ya juya musu baya wajen teburin, sannan ya kawo mahaɗi ya danƙa mata. Citlali ta saki wani dogon huci har fitila ta yi rawa, ta zube tana kuka da muryarta. Tsohuwar ta ƙulle abin a gyale, ta kama hanyar kango.

Nayeli na goge wa ƙanwarta fuska ta hango wuyan dodon. Mahaɗi na nan daram, da ɗan lotsewarsa ta gefe.

"Baba. Me ka ba ta?"

"Wanda na ƙera jiya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Har tsatsar na yi masa, 'yata. Ko maƙerinsa ba zai bambance ba. Na asalin nan babu irinsa a duk garin…"

"Aljani za ka yi wa kwafi? An ce maka ɗan kallo ne?"

Bakin dodon ya motsa. Ƙirjin Citlali ya motsa tare da shi.

Nayeli ta ture Baba gefe. Ta buɗe kan tiyon, ta tsaya, ita da ba ta iya jira ba, har iskar ta fita tas. "Gafara dai, mai gida," ta ce, sannan ta ja zoben mahaɗin baya, ya faɗo a tafin hannunta da ɗumi.

"Nayeli! Ajiye min abin nan!"

"Ka riƙe Citlali, ita ba ka da kwafinta."

Ta buga ƙofa har kwanon ya amsa, ta bi bayan tsohuwar da gudu.