Faya-fayen Jamus a Ƙasan Akwatin Lefe

Hansai na maƙale a bayan ƙofar ɗaki, kunnenta a jikin katako, tunda amarya ba ta zama wurin buɗe lefenta. Falon babanta Malam Tamimu a unguwar Jaradiya ta Riyadh cike yake da mata. An ga akwati biyar, an yaba, an rangaɗa guɗa, har an miƙa wa masu kawo kaya kajin tukwici da dubulan.

Sai ta ji muryar Mahbuba, 'yar ƙanwar ummanta, tana dakatar da Umma.

"Tsaya Inna, ba a gama ba... akwai wani zif a ƙasa!"

Ƙiiii... sannan wani abu ya zubo a kafet.



Hansai ta leƙa. Faya-fayen fim ne, sun kai talatin, kowanne da rubutun Turawa. Mahbuba ta tsamo ɗaya ta ɗaga sama yadda ta ƙarshen falo ma za ta gani: hoton Bature da Baturiya ne a kwalin, sun manne da juna, kafaɗar matar a waje.

"Innalillahi! A lefen 'yar malami?"

"Angon ai direban Nasara ne, dama me kuke jira daga gare shi?"

Hansai ta janyo waya ta kira angon.

"Nu'uman!"

"Na'am rabin raina, kaya sun yi?"

"Kar ka ƙara ce min rabin ranka! Me ka cusa a ƙasan akwati?"



"Sun... sun gani?"

"Sun gani?! Hajiya Delou maƙwabciyarmu har tabarau ta saka!"

"Hansai saurare ni don Allah. Ba ke kika ce min a Riyadh aka haife ki, shekara ashirin da biyu ba ki taɓa ganin ƙofar sinima ba, garin ma babu ita? Injiniyan nan Bajamushe da nake tuƙawa wurin aikin jirgin ƙasa, shi ya gama aikinsa zai koma gida. Duk shekara yana sayen finafinan da mutanen ƙasarsu suka fi cika sinima a kansu, har shekarar yake rubutawa a jiki. Na roƙe shi ya bar min. Na ce in mun tare in kafa miki farin zani a bango..."

"Kai wane irin Bahaushe ne? Ba ka san lefe har ɗan kamfai ɗaga shi ake a nuna wa jama'a ba?"

"Shi ya sa na ɓoye a ƙasa, habibti. Ba ni da uwa ko ƙanwa a garin nan, ni na shirya kayan da hannuna. Ba wanda ya sani sai Dalhatu da muke ɗaki ɗaya."

Hansai ta kashe wayar.

Dalhatu dai yayan Mahbuba ne.

To ku ji fa. Mahbubar nan, lokacin da uwarta ta kwanta ciwo wata huɗu, a gidan Malam Tamimu ta ci ta sha, gado ɗaya da Hansai. Da iƙamarta, wato takardar zama a Saudiyya, ta mutu, Malam ne ya yi ta zarya har aka sabunta. Amma tun ranar da Nu'uman ya fara sallama a gidan ya ce Hansai yake so, ba ita ba, ta manta duk wannan.

Bayan la'asar Malam ya sa aka kira Nu'uman. Ya zo ko kayan aiki bai cire ba, ya durƙusa a bakin majalisa. An jibge akwatunan a gabansa, faya-fayen a cikin leda.

"Ɗauki kayanka," in ji Malam.

"Baba..."

"Ban haife ka ba! Shekara goma sha tara ina karantar da 'ya'yan kafil ɗina, Balaraben da ya tsaya mana, Alƙur'ani. Gobe magana ta kai kunnensa, a ce a gidan malamin yaransa ake baje wannan? Ka san a bakin me zamanmu yake a ƙasar nan?"

"Na yi kuskure Baba. Yanzu a gabanka zan kakkarya su duka, wallahi ko ɗaya ba zan bari ba."

Ya kai hannu kan ledar.

"Kar ka taɓa!"

Hansai ce ta yaye labule, ido jawur, ummanta na jan abayarta ta baya. Ta zube a gaban Malam.

"Baba a gafarce ni, tambaya ɗaya. An ba da tukwici ko ba a bayar ba?"

Malam ya dube ta. "An bayar."

"To an karɓi kaya. Kayan nan sun fita hannunsa, nawa ne. Ba shi da ikon ɗauka, ba shi da ikon karyawa." Ta juya kan Nu'uman. "Ka sa ni kunya da safe, da yamma kuma za ka karya min kyautata don ka wanke kanka? Cire hannunka!"

Ya cire.

"Mahbuba! Na san kina bayan labule, fito."

Ta fito tana gyara mayafi.

"Umma ta juya akwatin nan sau biyu ba ta ga zif ba. Ke wa ya nuna miki?"

"Ni... hannuna ne kawai ya..."

"Cikin talatin, ya aka yi hannunki ya faɗa kan wancan ɗaya tak? Tun yaushe Dalhatu ya gaya miki? Me ya hana ki raɗa min a ɗaki, ni da ke da muka yi wata huɗu a filo ɗaya?"

Mahbuba ta sunkuyar da kai. Umma ta bi ta da wani kallo.

"Su kuma masu salati," Hansai ta ci gaba, "wacce ce a cikinsu ba ta ƙona miya a kan fim ɗin Turkiyya? Sai nawa ne haram don an ga kwalinsa?"

"Hansai!" in ji Umma.

Ta zazzage ledar a gaban Malam. Ta tsamo mai hoton nan, ta ɗora a gwiwa, ƙas! Ta ajiye gutsattsarin a gefen ƙafarsa.

"Wannan don darajarka ne Baba. Sauran ka duba da idonka. Duk wanda ka ce a karya, ni zan karya. Amma kar ka mayar da lefena don Mahbuba ta ji daɗi... Ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, amma shi nake so."

Malam ya jawo faya-fayen gabansa. Ya ɗauki ɗaya, dabbobi ne na zane. Ya ɗauki wani, wani ƙaton Bature ne ya faɗa cikin taɓo. Ya ware biyu gefe, Hansai ta karya ba musu.

"Ba za su kwana a gidana ba," ya ce.

"Za su jira ni a nawa."

Malam ya dubi Nu'uman. "Kai kuma, in za ka sake yi wa mace kyauta, ka tambayi mace. Rana tana nan yadda aka sa. Tashi ka ba ni wuri."

Bayan sati uku aka ɗaura aure. Mahbuba ba ta zo ba, ba kuma wanda ya aika kiranta.

Ran wata Juma'a da rana, a ɗan gidansu na unguwar Shifa, Nu'uman ya ja labulaye, ya kafa farin zani, ya kunna majigin da ya aro. Wani mutum ya fito yana bin wata mata a tashar jirgi, yana ta zuba magana.

"Me yake cewa?" in ji Hansai.

Nu'uman ya sosa ƙeya. "Ai Jamusawa duk fim ɗin da ya shigo musu, ko na Amurka ne, sai sun mayar da shi yarensu. Ni kuma Jamusancina bai wuce 'tsaya nan' da 'na gode' ba."

"Kana nufin ka ja min surutun Jaradiya kaf a kan abin da ba ka ma ji?! Fassara!"

Ya gyara murya. "Ya ce shi wawa ne. Ya ce ya so ya faranta mata ne ya sa ta kuka, kuma tun ranar bai ƙara jin daɗin abinci ba."

"Ita kuma fa?"

"Ta ce ta yafe, hasken idona."

"Ƙarya kake. Dubi fuskarta, wannan ba ta yafe ba tukuna."

Ta matso, ta ɗora kanta a kafaɗarsa.

"Mayar baya. Ya sake roƙo."