Tsatsa a Bututun Baba

A cikin rami ya fara ganinta, ta durƙusa gefen tsohon bututun mai tana goga masa wata 'yar na'ura. Shi ne mai kula da famfunan tashar tura man, kuma Allah ya yi shi da shegen son tambaya.

"Injiniya, me kike nema a jikin ƙarfe?"

"Kaurinsa nake aunawa. Tsatsa ta cinye shi ta ciki."

"To, rufe shi za a yi?"

"A'a. Ƙarfin tura man za a rage, daidai yadda zai iya ɗauka."

Kullum sai ya dawo da sabuwar tambaya, har ta laƙaba masa Sarkin Tambaya. Wata rana saƙonsa ya shigo wayarta: "Injiniyata, saura guda ɗaya. Za ki aure ni?"

"Wannan kam ba sai na auna ba," ta amsa.

Sai dai mahaifinsa ne shugaban tashar, kuma shi ya yi waldar bututun tun yana saurayi. Da ya ji shawararta, ya murtuke fuska.

"Yarinyar da ta ce aikina ya ruɓe? Ƙafata ba za ta taka gidansu neman aure ba."

Hankalin saurayin ya tashi. Ya rubuta mata: "Masoyiyata, ki ɗan sassauta mana."

"Akwai gidajen mutane a gefen bututun nan. Ina sonka, amma ba zan ƙara wa ƙarfe kaurin da ba shi da shi ba." Ta ajiye wayar ta sha kuka.

Washegari ta sami dattijon a ofis. "Baba, alfarma nake nema. Ka riƙe na'urar da hannunka."

Ashe son tambayar gado ne. Ya sauka ramin, ya goga nan, ya goga can, ya tsura wa lambobin ido.

"Idan aka bar shi haka fa?"

"Zai fashe, Baba."

"Waldar fa?"

"Ko gezau ba ta yi ba. Jikin ƙarfen ne ya gaji. In an rage masa, zai ƙara shekaru yana aiki."

Ya daɗe yana shafa bututun. Daga nan ya wuce ɗakin famfo, ya rage ƙarfin da kansa, ya juyo ga ɗansa.

"Je ka ce wa baffanninka su shirya."

Ranar ɗaurin aure, da aka kawo amarya ta gaida dattijon, ya dube ta.

"Allah ya yi muku albarka. 'Yata, kin faɗa mini gaskiya a ranar da ɗan cikina ya kasa."