Tsamiyar da Ba Ta Iya Cewa Ya Isa Ba

Da hantsi, lokacin da rumfar gilashin da ta lulluɓe Birnin Ƙoramai ta fara rage kaifin rana, na'urar da ake kira Tafinta ta soma aikinta. Wani direban jirgin ƙasa, da kayan aikinsa a jiki, ya durƙusa a gaban tsamiyar da ke tsakiyar Lambun Jama'a ya ce, "Ina kwana, Kaka?" Siraran alluran da aka soka a ɓawon itacen suka aika saƙo cikin akwatin da ke rataye a reshe, fitilarsa ta yi kore, sai murya ta fito a hankali, muryar dattijuwa.

"Lafiya lau, ɗana. Ya gida, ya yara?"

Mutumin ya buɗe gorarsa ya tsiyaye ruwan a gindin itacen. Muryar ta ce, "Kai, har da ɗawainiya? Allah ya saka da alheri." Ya tashi yana murmushi, na bayansa ya matso da tasa gorar.

Dakta Tasalla Bawa tana zaune a kan benci tana kallo, zuciyarta fari ƙal. Ita ta ƙera Tafinta. Aikin na'urar ba wani tsafi ba ne: alluran suna auna tafiyar ruwa a jikin itace, da ɗan lantarkin da ke gudana daga saiwa zuwa ganye, da danshin ƙasa, sai ƙwaƙwalwar na'urar ta tattara waɗannan duka ta mai da su magana. Hukumar raya al'adu ta birnin ce ta nemi a yi ta, domin an wayi gari yaran da aka haifa a benaye masu hawa ɗari ba su san bambancin tsamiya da turken lantarki ba. Tsamiyar nan kuwa ita kaɗai ta rage daga tsohon garin da aka rushe aka gina wannan a kansa. A ƙarƙashinta mahaifin Tasalla ya yi ɗinkin hula har ya rasu.

Da aka fara gwada na'urar, magana take yi kamar mai karanta sakamakon asibiti. Malam Nalado, shugaban shirin, mutum ne mai babbar riga da babbar murya, ya toshe kunne ya ce, "Haba Dakta, itacen da ya girmi kakannin kowa ne zai dinga yi mana lissafi? A koya masa maganar manya mana!" Sai aka bi gida-gida ana naɗar hirar tsofaffin birnin, gaisuwarsu da ban-gajiyarsu da yadda suke karɓar baƙo. A cikinsu duka babu wadda ta ba da lokacinta kamar Inna Yelwa, mahaifiyar Tasalla, shi ya sa muryar tsamiyar ta fi kama da tata.

Shirin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Masu zane suka kafa allunansu a inuwa, marina suka shanya zannuwa a kan igiya, mawaƙa suka riƙa zuwa suna tambayar Kaka ko baitinsu ya yi. Ita kuwa ba ta taɓa cewa bai yi ba. Mutanen Ƙoramai kuma, ka san su, ba sa zuwa gaishe da babba hannu rabbana. To me za a kai wa itace? Ba goro take ci ba, ba turare take shafawa ba. Sai ruwa, wanda a birnin nan awo ake yi wa kowane gida. Mutum zai hana kansa wankan yamma don ya kawo wa Kaka kasonsa, ya koma gida da ƙura a jiki da farin ciki a rai.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe Makon Inuwa, babban bikin shirin, Tasalla ta lura ganyen tsamiyar yana zuba fiye da kima. Ta ɗan tsaya ta ce, "Kaka, ya jikin?"

"Da sauƙi, 'yata. Shekaru ne kawai."

Ta yi dariya ta wuce. Tun da Tafinta ta iya magana, Tasalla ta daina buɗe ainihin alƙaluman da alluran ke aikowa. Me za ta wahalar da idonta a kai, alhali mai jikin da kanta ta ce lafiya?

Ran nan da azahar ta ce bari ta leƙa Inna, don ta kwana biyu ba ta je ba, sai dai waya. Kullum in ta kira ta tambayi tarin da ke damunta, amsar ɗaya ce, da sauƙi. Ta same ta zaune a bakin gado ta yafa mayafi, ta yi kwalliyarta tsaf. Suka gaisa. Da Inna ta miƙa hannu za ta ɗauko mata ruwa, sai awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Sai a lokacin Tasalla ta lura da yadda Inna ta rame. Ta sunkuya za ta ajiye jakarta, sai ta hango kwanuka jere a ƙarƙashin gado, a rufe. Ta jawo ɗaya, tuwo ne ya yi tsami. Ta jawo wani, fate ne ko cokali ba a sa ba.

"Inna, wannan fa?"

"Maƙwabta ne, Allah ya yi musu albarka. Tun da suka ji ina tari ba su huta ba."

"To ai ba ki ci ba! Yaushe rabonki da abinci?"

"Ba ya wucewa ne, Tasalla."

"Ki ce musu su daina kawowa mana. Ki ce musu jikin ya yi tsanani, a kira ni."

Inna ta dube ta kamar ta yi saɓo. "Ke kuwa! Mutum ya ɗauko ƙafa ya kawo miki abin hannunsa, ki ce masa ya isa? Kuma kina can kina aikin jama'a, in ɗaga miki hankali don ɗan tari? Ba a haka, 'yata. Da sauƙi ai."

Tasalla ta yi tsaye da kwanon a hannu. Muryar nan, da kalmomin nan, ko kwana uku ba a yi ba da ta ji su daga reshen itace. Ta kira ƙanwar Inna da ke hawa na ƙasa ta zo ta zauna da ita, ta ce yanzu za ta dawo, ta fita har tana tuntuɓe.

A lambun ta tarar da layi ya kai bakin ƙofa, kowa da gorarsa. Ta ratsa su ba ko sallama, ta durƙusa a gindin tsamiyar ta tura hannu cikin ƙasa. Hannun ya nutse har wuyansa cikin taɓo, wari ya taso kamar na tsohuwar kwata. Ta kamo wata saiwa, saiwar ta narke a yatsunta, baƙa wuluk. Sannan ta buɗe allon aljihunta ta kira alƙaluman da ta yi watanni ba ta duba ba. Komai yana nan a rubuce. Alluran ba su yi ƙarya ba ko sau ɗaya, tun farkon shekara suke nuna saiwoyin suna shaƙewa. Tsamiya itacen fako ce, ta saba da ƙishi, ruwan da ake tsiyaya mata dare da rana shi ya hana ta numfashi. Tafinta ta ga duk wannan, ta kuma faɗe shi yadda aka koya mata dattijai suna faɗin ciwo.

Malam Nalado ya iso yana haki. "Dakta, lafiya? Mutane na kallonki."

"Malam, a tsayar da ruwan nan. Kashe ta muke yi."

"Subhanallahi! Ai yanzu na gaishe ta, ta ce lafiya lau."

"Malam, in kai ne kake kwance, na zo duba ka da kwanon abinci, me za ka ce mini?"

Ya dubi taɓon da ke hannunta, ya dubi layin mutanen, sai ya cire hularsa ya riƙe. Shi da kansa ya juya ya yi wa jama'a bayani. Babu wanda ya yi musu. Wata mata ta rungume gorarta ta fashe da kuka, tana cewa ita fa kason ruwan alwalarta take kawowa. Tausayinsu ya kama Tasalla fiye da tausayin kanta, don babu wanda ya zo wurin nan da mugun nufi.

Aka kawo injinan zuƙe ruwa, aka haƙa ramuka, aka hura iska cikin ƙasa. Tasalla ta san an makara, masanan da aka kira su ma suka tabbatar mata. Kafin ta bar wurin ta tsaya a gaban akwatin, ta ce a hankali, "Kaka, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Fitilar ta yi kore. "Kada ki damu kanki, 'yata. Kin yi ƙoƙari. Da sauƙi."

Ta sa hannu ta zare wayar akwatin. Malam Nalado ya matso ya ce, "Za a iya gyara Tafinta ai, ko? In mun dasa wata, sai a koya wa na'urar ta riƙa faɗin gaskiya ƙiri-ƙiri."

"Za a iya, Malam," in ji ta. "Amma ganyen nan a gabana ya yi ta zuba. Ba na buƙatar na'ura kafin in gan shi."

An yi Makon Inuwa a shekarar, sai dai babu inuwar. Masu zane suka zana rassan da suka bushe, aka raba wa yara 'ya'yan tsamiyar da aka tsince, kowa ya kai gida ya shuka a tukunya. Tasalla ba ta halarci ko rana ɗaya ba. Tun a yammacin da ta zare wayar ta koma gidan Inna, ta tarar da ita ta sake yafa mayafi tana shirin cewa wani abu. Ba ta tambaye ta ya jiki ba. Ta durƙusa ta sa mata takalmi, ta ɗago ta, ta ji yadda ba ta da nauyi ko kaɗan.

"Ina za mu kuma?" in ji Inna. "Na ce miki da sauƙi."

"Na ji, Inna," in ji Tasalla, hawaye na zubo mata. "Riƙe wuyana, asibiti za mu."