Ƙafar Mama a Jikin Allo

Amarya ta faɗo falo da gudu, mayafi a hannu, tana tsalle kamar ƙaramar yarinya.

— Mama, an sa rana! Alhamis zan gabatar da furojet ɗina.

Shekara biyu ke nan tana digiri na biyu a fannin kuɗi da tallata kaya a kasuwannin duniya, ga shi ta hango ƙarshe. Sai dai ba wanda ya taya ta murna. Surukarta na zaune fuska a murtuke, da jaka buɗe a gabanta. Mijinta, Mai Takalmi, ya jingina da ƙofa, kansa a ƙasa.

Nan take Amarya ta gane jakarta ce, cike da kwalayen shagonsa. Shi ba ruwansa da lambar takalmi. Tun zamanin marigayi mahaifinsa, duk wanda ya zo sai ya ɗora ƙafa a kan kwali, a zagaye ta da fensir, a rubuta suna, a rataye a ƙusa. Kwana bakwai yana neman su kamar zai zauce.

— Madam Digiri, in ji Mama, a ƙarƙashin gadonki na tsince su. Zubarwa za ki yi? Dama na faɗa, wadda ke wuni tana turanci da kwamfuta, wata rana warin fata zai dame ta.

— Wallahi Mama, ba haka ba ne.

— To yaya ne?

Hawaye suka zubo wa Amarya. Wani kamfani a ƙasar waje ya ga hotunan takalman da ta tura, amma bai ba da amsa ba, ita kuma ta san mijinta, abu kaɗan ke karya masa gwiwa. Ba ta son ta sa masa rai a banza.

— In na yi miki kaɗan, ki faɗa min, mijin ya ce a hankali. Wannan maganar ta fi faɗan Mama yi mata ciwo.

— Ku yi min haƙuri zuwa Alhamis. Ku zo ku gani.

— Za mu zo, in ji Mama. In babu bayani, daga can ki wuce gidanku.

Ranar Alhamis suka zauna a layin baya a zauren jami'a, Mama ta ƙi ko kallon Amarya. Aka kashe fitila, sai ga ƙatuwar ƙafa a jikin allo, zanen fensir, ƙaramin yatsa a karkace. A ƙasa an rubuta “Mama” da hannun marigayi.

Amarya ta shiga bayani cike da zumuɗi. Ta auna kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da su lambobin da ƙasashen waje suka sani. Ta nuna yadda mai saye daga nesa zai zana ƙafarsa a takarda ya turo hoto, da yadda za a sa farashi don kada hawa da saukar canji su cinye riba.

— Kuma yau da safe kamfanin ya amsa, ta ce. Suna son samfuri.

— Ina mai wannan sana'a? in ji Farfesa.

Mai Takalmi ya miƙe, tafi ya ɓarke. Mutumin da allura ke soke wa yatsa ba ya ko cewa wash, yau ga shi yana share ido da hularsa.

A waje Mama ta damƙe hannun Amarya.

— Duk kwalayen nan, a rasa ƙafar da za a nuna wa duniya sai tawa mai karkataccen yatsa?

Suka kwashe da dariya, sannan muryar Mama ta sauka.

— Yafe min, 'yata. Na yanke miki hukunci ban ji ta bakinki ba.

— Ni ma ku yafe min, na bar mijina yana ta nema.

Haƙurinta ya yi rana, amma ita ma ta gane cewa ko alheri ne, in an ɓoye wa na gida, zargi yake haifarwa. Da yamma Mama da kanta ta mayar da kwalayen kan ƙusa a shago, ta ajiye sabo a ƙasa.

— Zo ki ɗora ƙafarki, Madam Digiri. Taki ce babu a ciki.