Akwatin Da Ke Leƙen Ƙasa

"Kai! Mi kake ja bisa irin albasarmu?"

Da wannan tsawar Zulai ta fara magana da Dalhatu, a gonar mahaifinta a bayan Aliero. Ma'aikacin hanya ne daga Sakkwato, aikinsa jan wani akwati da ke zana abin da ke ƙarƙashin ƙasa a kan takarda, don a san inda titi zai iya zama. Ya ba ta haƙuri, ta harare shi. Kullum sai ya dawo ba da haƙurin, har ta fara jin haushi in ya makara.

Da ya aiko neman aurenta, sai Sambo, ɗan ƙanen babanta da ya daɗe yana sonta, ya baza magana a kasuwar Jega: wai akwatin yana ganin mata ta bayan katanga, har ta cikin zane.

Malam Ummaru, mahaifinta, ya yi rantsuwa. "Mai leƙen gidajen mutane ba ya amsar ɗiyata!"

Zulai ta tare Dalhatu a bakin rijiya. "Ashe kallona kake yi da wanga abu?"

"Haba 'yar faɗata! Ko dutse da ƙyar yake nuna mini."

"Kak ka ƙara ce mini 'yar faɗa. Tai ka gaya ma Baba, in kai namiji na!"

Ya je, da akwatin. Tsohon bai amsa sallamarsa ba. Ya sa aka tona rami a ƙofar gida, ya kwanta ciki, aka rufe shi da asabari, maƙwabta na kallo.

"Ja shi bisa kaina. In na hito ga takarda, ka bar garinga yau."

Dalhatu ya ja, gumi na keto masa. Takarda ta fito. Malam Ummaru ya kakkaɓe riga, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Wasu layuka ne kawai karkatattu, kamar sawun kaji.

"Wanga shi na ni? Ina gemuna? Ina Sambo, maƙaryacin banza!"

Sambo ya riga ya sulale. Zulai kuwa tana zaure, ta toshe baki da mayafi tana dariya.

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Malam Ummaru ya dafa kan ango yana harararsa. "Hwaɗa gare ta, ni ta gado. Ka yi haƙuri da ita. Allah shi ba ku zaman lahiya."

Jama'a suka amsa da amin.