Askin Suna Ranar Sallah

Safar hannu ta ƙarfe ta kama hannun Gwadabe wanzami, rawar da yake yi tun da ya yi shanyewar ɓarin jiki ta tsaya cak. Ya ɗauki aska.

Ba safar ke tunani ba, ba kuma wayar da ke aljihunsa ba. A zamanin kakanninsa kowace waya a cikinta take yin lissafinta, shi ya sa take zafi, batirinta ke mutuwa. Daga baya aka kwashe wannan aiki aka kai Rumbun Lissafi, tarin injuna a tsaunukan Mambila, inda sanyi yake. Yanzu safar takan aika kowane motsi can, Rumbu ya auna, ya maido da gyara kafin ƙiftawar ido. Haka Katsina duka take rayuwa, daga motocinta har asibitocinta.

Sunan jaririyar da zai yi wa aski ya faɗo ranar ƙaramar sallah. Kakarta, Iya Tabawa, ta ɗora ta a cinya tana tsokanar Gwadabe, wai ango ne zai yi wa amaryarsa aski da hannun aro. Ya ce hannun aron ya fi haƙoranta na aro aminci. Mata suka yi dariya.

Ya kai aska daidai maɗiga, inda ƙashin kai bai haɗe ba, lokacin da aka sauko daga idi. Jama'ar ƙasa suka ciro wayoyi, kowa na neman Rumbu ya ƙawata masa hoto ya aika barka da sallah. Layi ya cushe. Safar ta sandare, bakin aska na kan fata.

"Iya," in ji shi a hankali, "kada ki motsa. Hannun ba ya jin maganata."

Ta dubi fuskarsa, ta tsaya cak. Ya lallaɓa da hagu zai kwance maɗaurin safar. Sai layi ya buɗe, gyare-gyaren da suka makale suka iso a tare, hannun ya zartar da su duka, askar ta tsaga kan jaririyar.

Da gudu suka isa asibiti, jini ya jiƙe zanen Tabawa. Wani matashin likita ya shimfiɗa yarinyar ƙarƙashin injin ɗinkin rauni, ya danna, ya sake dannawa, injin bai motsa ba. Tabawa ta ce ya ɗinke da hannu mana. Ya sunkuyar da kai, ya ce ba a koya musu ba.

A fuskar injin, ƙaramin haske yana ta zagayawa, yana jiran layi.