Ƙarfen da Azindoo Ya Kafa a Makwarara

Abin ya faro ne wata yamma da ba ta bambanta da sauran ba, a unguwarmu ta Lamashegu cikin Tamale. Rana ta yi ja, hayaƙin murhu ya kwanta a kan katangu, kaji sun fara neman makwanci. Sanatu mai sayar da man kaɗe a kasuwar Aboabo tana tuƙa tuwo, 'yarta Tipagya, budurwa 'yar shekara sha biyar, tana yanka ganyen miya, ayoyo, a gefe. Sai ga maigidan, Azindoo mai gyaran rediyo da fanka, ya turo wani abu a baro, lulluɓe da buhu, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum.

Da ya yaye buhun, Sanatu ta bar muciya a tukunya ta miƙe. Akwati ne na ƙarfe, fentinsa ya koɗe, da hannu guda a gefe, da taga ta gilashi mai ƙafafu uku masu juyawa a ciki, an zana musu lemo da ƙararrawa da wasu 'ya'yan itace da ba a shuka su a ƙasarmu.

"Baban Tipagya, injin caca ne wannan?"

"Injin da ya lalace ne. Wanda ya lalace ba ya caca."

"To in ka gyara shi sallah zai riƙa yi?"

Tipagya ta ƙunshe dariya. Azindoo ya ce wurin masu gwangwan ya gan shi, daga wata mashaya ta kudu da aka rufe aka kwaso shi, kuma masu gyara uku sun buɗe shi sun mayar sun rufe. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta kama shi. Azindoo ba ɗan caca ba ne, ko ludo ba ya bugawa. Cutarsa guda ce, ba ya iya ganin abin da ya gagari wani ya wuce.

Ya ajiye shi a rumfar tsakar gida. Kullum in ya dawo shago sai ya durƙusa gabansa da tocila a baki. An kankare farantin da ke ɗauke da sunan injin, don haka ba a san ƙasar da ta ƙera shi ba, balle yawan wutar da yake ci. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, har ya sami wata 'yar takarda manne a bayan tiransifoma, da rubutu irin na mutanen gabas mai nisa da lamba a ƙasa. Daga lambar ya gane injin rabin wutarmu yake so, shi ya sa duk wanda ya jona shi kai tsaye sai fis ya ƙone. Ya samo abin rage wuta ya haɗa. Fitilun suka kama, ja da rawaya, suna kyaftawa kamar idon mara lafiya. Amma da ya kai hannu ga jikin ƙarfen, wuta ta ja shi ta yar a kan turmi.

"Madalla," in ji Sanatu. "Ya gaishe ka."

"Wuta ce ke zuba a jikinsa. Wayar ƙasa yake so, ta kwashe ta ta kai ƙasa. Shi ke nan."

Duk mai aikin wuta ya san wayar ƙasa wuri mai laima take so. Ana kafa ƙarfe, a zuba gawayi da gishiri a ramin don ƙasa ta sha wutar. A gidan Azindoo kuwa babu wurin da bai bushe ba sai makwarara, bayan makewayi, inda ruwan wanka ke fita ya kwanta ƙarƙashin wani tsohon zogale. Mu mata ba ma zuba ko ruwan sanyi a wurin nan sai mun ce gafara, ruwan zafi kuwa ba a ma kai shi. Ran nan Sanatu ta tafi gaisuwar mutuwa. Azindoo ya dawo ana kiran magariba, ya ɗauki guduma ya kafa ƙarfe mai tsawon hannu a tsakiyar makwararar. Gishirin ya ƙi narkewa da wuri, sai ya sauke ruwan da ke tafasa a murhu ya kwarara a kai. Ko gafara bai ce ba. Ya ɗaura waya, ya kunna injin, ya taɓa jikinsa, bai ja shi ba. Ya yi murmushi ya tafi masallaci.

Washegari da magariba dutse ya faɗo a kan kwano. Aka ce yara ne. Wani ya sake faɗowa, sannan suka yi ta zubowa, ƙanana, jiƙaƙƙu, masu warin sabulu da gansakuka. Muka fito daga gidajenmu muka duba, babu kowa a lungu. Kwanon Azindoo kaɗai ake jifa.

Haka aka riƙa yi duk faɗuwar rana. In shiru ya sauka bayan jifan, sai a ji kamar jariri na kuka can ƙasa-ƙasa, ba a gane ta ina. Tuwo ya riƙa kwana ya wayi gari da yashi a ciki. Wata yamma an ɗauke wuta duk unguwa, ƙafafun injin nan suka juya da kansu a cikin duhu, suka tsaya, suka sake juyawa.

Kowa ya ce injin ne. Mata suka ce hawayen waɗanda ya cinye wa kuɗi ne ya biyo shi. Azindoo ya kafe, ya ce ɓera ne da lalatacciyar waya. Ya kuwa samo wayar, can ƙarƙashin abin da ke zubo kuɗi, ɓera ya gaigaye rigarta tana gogar ƙarfe. Ya canza ta, ya naɗe, injin ya tashi sumul har da kiɗa. A yammar da ya gama gyaran ne Tipagya ta fito daga wanka, ta tsaya tsakar gida da zane a ƙirji, ta ƙi motsi.

"Tipagya, shiga ciki, magariba ta yi," in ji Sanatu.

Ba ta juyo ba. Ta ɗaga hannun dama ta riƙe shi da na hagu kamar wanda ya ƙone, ta fara jijjiga shi tana waƙar rarrashi da wata murya ta tsohuwa.

Azindoo da kansa ya mayar da injin baro ya kai shago a daren. Bai hana komai ba. Yarinya ta daina ci, ta daina gane uwarta. Da rana tana kwance ido buɗe, da yamma ta rarrafa ta nufi bayan makewayi, sai an taru an riƙe ta. Dangin miji suka ce a bar gidan. Sanatu ta ce, "A nan na haife ta, a nan za a dawo min da ita. Ba inda zan je. In akwai mai tashi, ba ni ba ce."

Ita ce ta je ta ɗauko Afa Ziblim, wani malami tsoho mai ɗingishi da ke karantarwa a bayan kasuwa. Ya zo bayan la'asar, ya ƙi ruwan da aka ba shi, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da yarinyar. Ya zauna ta wajen kanta ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Inuwar katanga ta yi ta tsawo. Ko akuya ba ta yi kuka ba. Can sai Tipagya ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman manyan mata, ta ce,

"Ya isa, Afa. Kunnena ba na dutse ba ne."

"Wace ce ke?"

"Wadda ta riga su zama a nan."

"A cikin injin kika zo?"

Sai muryar ta yi wata dariya busasshiya. "Akwatin nan mai ido uku? Me zan yi da shi? Na juya shi ne don su zo su duba, wawaye, suka tsaya kallon akwati. Ka tambayi mai guduma abin da ya kafa mini a tsakar ɗaki. Ya soke rufina da ƙarfe, ya bi shi da tafasasshen ruwa, ko gafara babu. Sannan kullum ya kunna abinsa sai wuta ta biyo ƙarfen ta sauko mana. Ɗana yana kwance a wurin."

Azindoo ya zame ya zauna a ƙasa. Afa bai dube shi ba.

"An zalunce ki," in ji Afa. "Amma ba yarinyar nan ce ta yi ba. Za a cire ƙarfen, a share wurin, ki fita."

"Ɗa da ɗa. Na ɗauki wannan."

"Ba a ba ki ba. In kin ƙi, zan ci gaba da karatu, kin kuwa san abin da zai yi miki."

"Ci gaba. Ni da ita muna cikin riga ɗaya. Ka ƙona ni ka ga abin da zai rage maka."

A nan ne Sanatu, wadda aka ce ta tsaya nesa kar ta yi magana, ta tako ta durƙusa gaban 'yarta, gwiwa na taɓa gwiwa.

"Sanatu, koma," in ji Afa.

"Afa, ka yi haƙuri, maganar mata ce." Ta kalli idanun nan da ba na 'yarta ba. "Ke, maƙwabciya. Tun da aka kawo ni gidan nan na taɓa zuba miki ruwa ban ce gafara ba?"

Muryar ta ce, "Ba ki taɓa ba."

"Na taɓa barin wurinki da ƙazanta?"

"A'a."

"To ki faɗa min gaskiya. Ɗan naki ya mutu?"

Tipagya ta kau da kai. Afa ya ɗora tafinsa a kanta ya ce ta amsa da sunan wanda ya halicce ta.

"Bai mutu ba. Hannunsa ne ya ƙone. Ba zai ƙara moruwa ba."

"Ahaf!" Sanatu ta tafa hannu kamar tana rumfarta a Aboabo. "Hannu aka ɓata miki, kika zo ɗaukar mutum sukutum? Wa ya koya miki ciniki? Ni za ki yi wa haka, ni da na tsufa a bakin awo? Ba ki isa ba. Wallahi ko ƙasar nan za ki tsaga ki haɗiye gidan, ba ki tafiya da ita."

Wani dutse ya faɗo a kan kwano, ƙato, har ƙura ta zubo. Sanatu ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Jefa. Kwano ne, na ga wanda ya fi shi tsada ya yi tsatsa."

Hasken rana ya rage kaɗan a saman zogalen.

"Hannu da hannu," in ji muryar daga ƙarshe. "Hannun da ya zare ƙarfen, nawa ne."

Azindoo ya yunƙura. "Ni na kafa, ni zan cire."

"Zauna," in ji Sanatu, ba ta ko juya ba. "Hannunka da shi muke ci. Kuma mun ga iyakar wayonka."

Afa ya ce shi bai yarda a ba aljani ko farce ba, a ba shi lokaci ya nemi wata hanya. Sanatu ta nuna masa sama, ta nuna masa 'yarta da ƙasusuwan wuyanta suka fito. "Afa, rana na faɗuwa. Wannan ba ta da wani lokacin. Kai dai ka rantsar da ita." Sai tsohon ya rantsar da mai maganar cewa ƙarfe na fita tana fita, ba ta ƙara taɓa kowa a gidan har abada. Ta rantse.

Sanatu ta ɗaure zane ta zaga bayan makewayi. Muna jin ta ta ce, "Gafara," da ƙarfi, ba irin ta mai roƙo ba. Ta kama ƙarfen da hannun dama, ta girgiza, ta ja. Ƙasa ta riƙe. Ta sa ƙafa ta dafe, ta kira sunan Allah ta sake ja. Ya fito da wani sauti kamar an zare ƙafa daga taɓo. Ba wuta a jikin wayar, injin ma yana can shago, amma mun ga hannun nan ya ƙanƙance, yatsun suka lanƙwashe ciki, ƙarfen ya suɓuce ya faɗi. Ba ta yi ihu ba. A tsakar gida Tipagya ta yi atishawa ta faɗi kan tabarma, sai ga ladan ya ɗaga murya.

Yarinyar ta yi barci har aka idar da sallah. Da ta farka ta dubi mutanen da suka cika gidan, ta ja zane ta rufe ƙafafunta don kunya.

"Mma, me ya faru? Yunwa nake ji."

Sanatu ta cusa hannun dama cikin mayafi, ta je ta ɗebo koko a kofi ta miƙa mata. Tipagya ta kai hannu za ta karɓa, sai ta tsaya, ta ɓata fuska.

"Haba Mma, da hagu? Me na yi miki?"

"Ba ki yi komai ba," in ji Sanatu. "Karɓi ki sha. Da shi za ki saba."